Kakin Aro

"Miyau ne wannan, Inna," in ji tafinta, tana kau da kai daga 'yar robar da tsohuwar ta miƙo mata. "Nas ta ce kaki take so, na can cikin ƙirji."

"To ni ina zan samo shi? Ƙirjina wanke yake tas."

Tafinta ta mayar mata da robar. Duk aikin wannan cibiya ta gwajin baƙi tana iya jure shi, jini ne, allura ce, hoton ƙirji ne, amma ban da kaki. Ita da ko na ɗan cikinta ba ta son gani, ga shi abincinta ya rataya a kansa, don sabon zuwa ba ya fita daga nan sai an tabbatar ba ya ɗauke da tarin fuka. Inna kuwa 'yarta na bakin get da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma saboda haihuwar nan aka ɗauko ta daga gida.

"Koma tsakar gida ki sake gwadawa. Ki ja numfashi sosai."

Ba a jima ba sai ga Inna ta dawo baki har kunne. Robar ta kusa rabi: abu kore-kore, mai kauri, da zaren jini a ciki. Tafinta ta ja da baya.

"Inna! Duk wannan daga ƙirjin da kika ce wanke yake?"

"Allah ne ya haɗa ni da ɗan albarka."

Tafinta ta leƙa taga. Wani dogon tela ramamme da suka zo mota ɗaya da Inna yana zaune a kan benci, mutane sun yi layi a gabansa, kowa da robarsa. Sai ya dafe ƙirji, ya kakaro, ya tofa wa wannan, ya juya ga na gaba. Ana yi masa godiya yana cewa, "Ba komai, ai an zama ɗaya."

Ƙyama ta turnuƙe tafinta, ta bar tagar.

"Yarinya, rufa min asiri," Inna ta yi ƙasa da murya. "Kaki ai kaki ne. Su dai abin sawa a na'ura suke so."

"Inna, in aka karɓi wannan da sunanki, duk cutar da ke ciki taki ce. Ɗaki daban za a kai ki, wata da watanni kina shan magani. Ko ɗaukar jaririn ba za ki yi ba."

"In kuma kika faɗa?"

"Yau ba mai fita. Kowa sai ya sake."

Idon tsohuwar ya kawo ruwa. "Mutum ya yi mana alheri, ke kuma za ki tona shi. Yarinyata ba ta da kowa a garin nan."

Tafinta ta sa safar hannu, ta rufe hanci da gefen mayafi, ta ɗauki robar da yatsu biyu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara aikin. Ta nufi ɗakin nas, Inna na biye da ita tana Allah ya isa.

Da ta zo wucewa ta tsakar gida, tela ya hango robar a hannunta. Ya goge baki da bayan hannu, ya yi mata murmushi.

"Malama, ke ma kina buƙata? Kawo, akwai saura."