Ƙwan Wake-wake

A shekarar da Nasara suka naɗe tutarsu, babu macen da ta kai Balki ɗaga kai a Tibiri. Ɗanta Haladu, wanda aka kai lakol, makarantar Nasara, tana kuka kamar an yi mata mutuwa, shi ne yau aka ba kujera a buro, wato ofishin gwamnati, a Maraɗi. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mai buro". Amma yadda take jan kalmar ya ishi kowa.

Zuwansa na farko gida ya tarar da ita a gindin rumbu tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli, kaji na tsallake ƙafafunta. Ransa ya ɓaci.

"Inna, wahala ta ƙare," in ji shi. "Uwar ma'aikaci ba ta kaɗi. Ga atamfa nan cike da kasuwa."

Da hannunsa ya tattara mazari da alli da ragowar auduga, ya zuba a taskira, ya tura ƙarƙashin gado. Ya sa aka gina wa kajin akurki mai ragar waya irin wanda ya gani a gidan kumandan, Baturen mulki, ya ce kada su ƙara yawon tsince-tsince, hatsi zalla za su riƙa ci. Balki ta ji daɗi, ba ƙarya. Duk wadda ta shigo gidan, sai ta zagaya da ita ta bayan akurki kafin ta ba ta ruwa.

Cikin kajin akwai guda da ba ta haɗa ta da kowa, mai zanen baƙi da fari, ana ce mata Wake-wake. Jinin kazar da uwar Balki ta ba ta ce ranar da aka kawo ta gidan miji daga Cadakori. Shekara talatin da wani abu irin bai yanke ba, sai annobar bara ta share su ta bar wannan ɗaya. Uwar ta rasu, mijin ya rasu, kayan ɗakin sun farfashe. Wake-wake kaɗai ta rage mata daga gida.

Wata biyar da shiga akurki, Balki ta sa hannu ɗaukar ƙwai, ta ji abu luɓus. Ƙwai ne, amma ba ɓawo, sai wata fata mai taushi da ke lotsawa in an taɓa. Ta ce tsautsayi ne. Kashegari haka, wanshekare ma haka. Ta ƙara hatsi, ta jiƙa maɗaci a ruwansu, har tofi ta karɓo. Sauran kajin ma suka fara, amma na Wake-wake ya fi muni. Kuma ƙwan da ba ɓawo ba a kwanci a kansa, balle a ga ɗan tsako.

Magana ta fita. Masu dariya suka raɗa masa suna ƙwan mulkin kai, wai tun da Nasara suka tafi ko kaza ta daina gama aikinta. Labo, ƙanen mijinta, wanda ke riƙe da gidan yanzu, bai ga abin dariya ba.

"Yaya, wagga kaza ba alheri take kira muna ba. Ita ta hwara. Juma'a ta sama ɗanki na tahe da abokan aikinai, sai a yanka ta a huta."

"Kai dai nama kake so, Labo. Mi ta yi maka?"

"Na dai hwaɗa."

Ya faɗa ɗin kuwa, kuma shi ne mai gida. Saura kwana tara.

Da hantsi Balki ta buɗe akurki ta rungumo kazar ta kai ɗakinta, don ta kalle ta son ranta. Tana sauke ta, Wake-wake ta kutsa ƙarƙashin gado. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas. Balki ta durƙusa ta jawo taskira, ga kaza a kan tsohon dunƙulen alli, tana sara kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba, alhali maƙoƙonta cike yake da hatsi.

Balki ta yi zaune a ƙasa. Alli ai ƙashi ne. Tun tana amarya take ƙona ƙashi a gindin rumbu har ya yi fari, ta daka, ta kwaɓa, ta dunƙula, don yatsu su kama mazari. Kuma duk ranar daka sai ta yi ta korar kaji daga bakin turmi tana zaginsu. Haka uwarta ma take yi. Ashe duk shekarun nan ɓawon ƙwai suke sata! Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wa kazar, "Ke kin hi mu hankali, mu da lakol ɗinmu."

Ba ta aiki kowa ba. Ta ɗaura sabuwar atamfarta, ta ɗauki ƙwarya, ta nufi mahauta da rana tsaka.

"Maikuɗi, ƙashi nike so."

Mahaucin ya ajiye wuƙa. "Uwar mai buro, ai sai nama. Ƙashi na karnuka na."

"Zuba mini na karnukan."

Ta ratsa kasuwa da ƙwaryar ƙasusuwa a ka, ƙudaje na binta, mata na taɓa juna. Ko ranar da aka ba ɗanta kujera ba ta yi tafiya mai ƙasaita irin ta ran nan ba. Da yamma hayaƙi ya tashi a gindin rumbu, turmi ya amsa. Ta barbaɗa garin a cikin dusa, ta buɗe ƙofar akurki ta tokare ta da dutse. Tunda an riga an yi alli, ta ga ba dalilin barin mazari ya yi ta kwana.

Kwana uku ƙwai ya zo da taushi. Na huɗu ya yi ɓawo kamar takarda, ya fashe a hannunta. Labo na wucewa yana wasa wuƙa da gangan, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Ran Juma'a Haladu ya shigo da baƙinsa biyu masu takalma sau-ciki. Ya ga kaji a tsakar gida, ya ga uwarsa da farin yatsu, ya tsaya cak.

"Inna, mi na gani haka?"

Ta ɗaga faifai, ga ƙwai uku. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa shi a haƙorinta, ya ce ƙas. Ta miƙa wa Labo.

"Matsa ka ji, mai wuƙa."

Labo ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce to ai shi dama zakara yake nufi. Sannan ta ba su labarin taskira tun daga farko, ba ta rage komai ba, har da wanda ya tura ta ƙarƙashin gado. Baƙin suka yi ta dariya. Haladu ya sunkuyar da kai. Zakara aka ci a ran nan.

Bayan wata guda ya sake zuwa. Wake-wake na gindin rumbu da 'yan tsaki bakwai, huɗu masu zanenta. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, ya buɗe jakar fatar da yake zuba takardun buro, ya fito da wani ƙunshi a tsohuwar jarida.

"Ga tsarabarki, Inna. Na raƙumi na, mahautan Maraɗi sun ce ya hi hwari."

Balki ta kwance, ta ga ƙashi, wankakke tas. Ta kawar da kai, don ba a yabon ɗan fari a gabansa. Ta dangwali alli ta murza mazari, amma sau biyu zaren na tsinkewa, saboda idonta ya cika.