Mafitsarar Norris Oldroyd

"Shanye wannan, ga wata nan tafe," in ji Kelvin mahauci, ya cusa wa Norris kofin giya a hannu tun alƙalin wasa bai hura usur ba.

Norris Oldroyd ya dubi kofin robar, ya dubi filin da ke shimfiɗe kore shar a ƙasansu. Yau ce ranar wasan ƙarshe na kofin ragbi na yankin, Skelbeck da Harthorpe, kuma rabon Skelbeck da kaiwa nan tun Norris yana da gashi a ka. Ya tashi da sassafe ya goge tabarau, ya matsa tumbinsa cikin rigar kulob mai ratsin ja da ruwan ɗorawa. Abu ɗaya ya fito da shi daga gida: ya ga garinsu ya ci kofi da idonsa.

"Ba na jin ƙishi," ya ce.

"Wa ya tambayi ƙishinka?" in ji Glenys, matar da ke riƙe da mashayar 'yan kulob, wadda kuma ta yi hayar motar da ta kwaso su. "Sha, don Allah. Gari kake yi wa aiki."

Tun farkon kakar wasa abin ya faro. Norris tsohon direban bas ne, kuma mafitsararsa ta fara yi masa abin da take yi wa sa'o'insa. Wata Lahadi ya sauka banɗaki, kafin ya dawo Skelbeck ta ci. Lahadin da ta biyo baya haka aka yi. Kelvin ne ya fara lura, kuma duk abin da Kelvin ya lura da shi, kafin ya rufe shago gari ya ji. Daga nan aka ɗora wa Norris aiki. Ana saya masa giya, ana buɗe masa hanya in ya miƙe, kulob kuwa sai hawa take yi. Duk kakar nan bai ga ɗan Skelbeck ya dangwala ƙwallo a bayan layi ba ko sau ɗaya. Ta bango yake jin cin, in ihu ya ratso siminti yana tsaye yana gyara wando. 'Yarsa takan nuna masa a waya da yamma, shi kuwa ya ce wannan ba gani ba ne, labari ne.

Sau ɗaya ya yi taurin kai ya zauna har aka tashi. Kulob ɗin da ke can ƙarshen tebur ta yi musu dukan kawo wuƙa. Mako guda mai sayar da jarida bai amsa gaisuwarsa ba, matarsa ma ta ce ita dai ba ta ga abin wahala a zuwa banɗaki ba.

"Mai tambarin barewa ce na sayo maka," Kelvin ya ce. "Ɗanɗanonta kamar ruwan ɗauraye kwano, na yarda, amma ba ta zama a ciki. Shiga take ta wuce."

"Mai tambarin jirgi ta fi ta sauri," in ji Glenys.

"Waccan? Iska ce zalla. Gyatsa kawai za ta sa shi, mu kuwa ba gyatsa muke nema ba."

"Kai da harshenka ya mutu tun kana saurayi, me ka sani? Aƙalla mai jirgi in ka kurɓa ka san giya ka sha."

"Ni ba wanda zai tambaye ni wadda nake so?" Norris ya ce.

"Mun san wadda kake so," in ji Glenys. "Baƙar nan mai nauyi, wadda take kwanciya a ciki har gobe. In mun ɗauki kofi ka sha ganga guda, ni zan zuba maka."

Aka take wasa. Norris ya matse cinyoyi ya ƙura wa fili ido, ya rantse a ransa yau ko fashewa zai yi ba inda za shi. Ba a jima ba wani ƙaton ɗan Harthorpe ya ture mutum biyu ya faɗa bayan layi da ƙwallo a ƙirji. Ɓangaren masu riga shuɗiya ya kaure da ihu. A ɓangaren Skelbeck ba wanda ya dubi 'yan wasa, duk Norris aka juyo ana kallo.

"Alƙalin nan ba namu ba ne," Kelvin ya ce da ƙarfi. "Dubi yadda yake gudu. Ɗan ragbin masu kuɗi ne, mai 'yan wasa goma sha biyar, ba irin namu ba, waɗanda suke yini suna harba ƙwallo sama suna tafa wa juna."

"Bar alƙali," in ji wani daga baya. "Koci ne. Wa yake ajiye Tranter a gefen fili ba a ba shi ƙwallo, yana jin sanyi, yaron da ya fi kowa gudu?"

"Ba alƙali ba ne, ba koci ba ne," Glenys ta ce. "Ga matsalar nan zaune kusa da ni ya harɗe ƙafa."

Ta karɓi kofin Kelvin, ta ɗaga nata sama, ta dinga tsiyaya giya daga wannan zuwa wancan dab da kunnen Norris. Mutanen layin baya suka kama yi masa "shiiiii" a hankali, har da wata tsohuwa da ta taɓa koyar da shi a makarantar Lahadi. Gumi ya karyo masa. Harthorpe ta sake ci.

Ana busa hutun rabin lokaci ya zabura ya gangara, ya bi layi, ya sauke abin da ya tara. Da ya dawo fuskarsa a sake, Kelvin ya dafe kai.

"A hutu? A hutu ka je ka zubar? Giya uku, Norris! Ka zubar da ita lokacin da ba mai wasa!"

"Mafitsarata ce."

"Da can taka ce," in ji Glenys, ta miƙo masa sabon kofi. Wannan karon mai tambarin jirgi ce, kuma ba wanda ya yi mata musu.

Ko jirgin ne ya yi aiki ko ragowar barewar, Allah masani. An ɗan taɓa wasa bayan hutu sai Norris ya ji ba sauran dabara. Ya miƙe. Layin gaba ɗaya ya tashi tsaye ya ba shi hanya, ana tafi ana shafa masa kafaɗa. Takaici ya cika shi har wuya, bai kalli kowa ba ya sauka.

Banɗakin yana ƙarƙashin kusurwar da ɓangarorin biyu suka haɗu. Ba kowa a ciki sai wani dattijo siriri cikin doguwar rigar ruwa, zaune kan 'yar kujerar naɗewa kusa da injin busar da hannu. Norris ya gan shi a lokacin hutu, ya ɗauka mai gadin wurin ne. Bai gama abin da ya kawo shi ba ihu ya girgiza rufin, aka kama waƙar Skelbeck.

Dattijon ya miƙe a hankali. Rigar ruwan ta buɗe, sai ga shuɗiyar riga a ciki.

"Bawan Allah," ya ce, "turo ka aka yi?"

Norris ya tsaya da hannu a famfo. "Kai ma?"

"Kakar wasa ta uku ke nan. Barrie Tordoff sunana. Tun da aka take wasa nake nan ina aikina lafiya lau, ci biyu na ba su, ka shigo ka lalata mini."

"Wannan ya nuna tawa ta fi taka ƙarfi."

"Sabon shiga ne kai, shi ya sa. Za ta lafa."

Norris ya yi niyyar komawa sama, amma ya ga in ya fita ya bar wa wannan mutumin fili shi kaɗai. Ya jingina da bango. Barrie ya koma kujerarsa. Suka yi ta harare-harare, kowa na saurarar rufi.

"Me suke ɗura maka?" Barrie ya tambaya daga bisani.

"Mai barewa. Yau an ƙara da mai jirgi."

"Kai, sun cuce ka. Mai barewa ko kare na ba zan ba shi ba. Ni da ita suka fara, da likita ya hana sai suka koma shayi." Ya nuna butar shayin da ke gefen ƙafarsa. "Yanzu ma ba sa jira in ji fitsarin. Daga mota nan ake kawo ni."

"Ni baƙa nake so."

"Ita ce giya ai. Sauran duk ruwan famfo ne mai kumfa."

Suka yi musu kan wace kulob ce ta fara kawo ƙazamin wasa yankin, suka yi musu kan wani karo da aka yi tun suna samari, wanda kowannensu ya rantse yana wurin kuma kowa ya ga abin da ɗayan bai gani ba. Suna cikin haka rufin ya sake girgiza da waƙar Skelbeck. Barrie ya lissafa da yatsu ya ce an yi kunnen doki. Daga nan sai shiru mai tsawo, ba wanda ya ci.

"Ka ga abin da nake faɗa," in ji Barrie. "Taka ta lafa. Yanzu mun kashe juna."

Ya juya murfin butarsa ya sake juyawa. "Jikana yana cikin 'yan wasan can. Mai lamba huɗu. An ce ya iya."

"An ce?"

"An ce."

Norris ya dube shi. Tausayin mutumin ya kama shi, tausayin kansa kuma ya fi yawa. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa wa mutum sai ya sha giya huɗu.

"In muna ciki mu biyu mun kashe juna," ya ce, "ai in muna waje mu biyu ma mun kashe juna."

Barrie ya daɗe yana nazarin maganar bai sami inda ta karye ba. Suka yi sharaɗi: ƙafa ɗaya za su fitar a lokaci ɗaya, kuma za su saƙale hannu don kada wani ya zille ya koma. Haka suka hau matakala, ja da shuɗi, hannu cikin hannu, suka laɓe bayan wani ginshiƙi inda Kelvin ba zai hango ba.

Lokaci ya kusa cika. Skelbeck ke da ƙwallo a tsakiyar fili, kuma bisa dokar wasan, in aka sake kama mai ƙwallo sau ɗaya ta koma hannun Harthorpe. Norris ya ga ciyawa, ya ga tururin da ke tashi daga bayan 'yan wasa, ya ji ƙwalla ta taru masa don daɗi. Ƙwallon ta fita daga hannu zuwa hannu, tana gangarowa ɓangaren da suke tsaye. Wani ya kauce, wani ya zame. Gefen fili ya buɗe, ga Tranter shi kaɗai ya miƙa hannu, ga masu shuɗi biyu sun taso masa a guje.

A nan ne tsoro ya shige shi. Duk kakar nan yana cewa shirme ne, ya faɗa wa Kelvin, ya faɗa wa matarsa. To in ba shirme ba ne fa? In lissafin da ya yi a banɗaki bai fita ba, yaron nan ya saki ƙwallo saboda wani tsohon direba ya ƙi haƙura? Ya hango Glenys can sama ta toshe baki da hannu biyu.

Norris ya runtse ido, ya ja hularsa ya rufe fuska.

Ihun ya zo masa kamar yadda ya saba zuwa, ta kunne, sai dai yau ba siminti a tsakani. Ƙahon tashi ya biyo baya. Da ya ɗaga hular, 'yan wasan Skelbeck sun riga sun danne juna a kusurwa, an gama komai. Murna ta kama shi, baƙin ciki ma ya kama shi, ya rasa wanne zai yi wa kuka.

"Ka cuce ni," in ji Barrie, bai saki hannunsa ba. "Rufe ido ai shiga banɗaki ne."

"Ka ga jikanka?"

"Na gan shi. Shi aka wuce."

Norris ya share fuska da hula. "Faɗa mini yadda aka yi. Don Allah, kada ka rage komai."

Barrie ya ja numfashi. Ya faɗa masa yadda Tranter ya cafe ta da yatsu, ya yi kamar zai shiga ciki sai ya fita waje, yadda aka kamo masa ƙafa ɗaya ya ja mutum har layi, ya yi tsalle jikinsa duk a wajen fili ƙwallon kaɗai a ciki. Ya faɗa dalla-dalla, bai ɓoye kyanta ba.

"Ban taɓa ganin irinta ba," ya ce. "Sai dai ba ci ba ne. Gaba aka miƙa masa ita, ko jariri kuwa ya san baya ake miƙawa. Alƙali ne makaho."

Norris ya fizge hannunsa. "Ƙarya kake yi! Baya ta tafi, sarai!"

"Kai da ba ka gani ba?"

"Sai na gani?" in ji Norris. "Ai ina wurin."