Likkafanin Inna Asiya

Inna Asiya ta rasu da hantsi a Bungudu, likkafaninta kuwa yana Tsafe. Ita ta sayo abinta a Makka, ta tsoma a ruwan zamzam, ta ba 'yarta Ummulkhairi da ke can ajiya, don a cewarta ɓerayen gidanta ba su san alhaji ba. Har kunnen kowa ya gaji da jin cewa a cikinsa za a naɗe ta.

Kafin azahar an haƙa kabari, mata sun yi mata wanka. Sai Ummulkhairi ta bugo waya: motarsu ta tsaya tun kafin Gusau, an ce hanya ba lafiya, direbobi sun ƙi yin gaba.

Lawali, babban ɗan marigayiya, ya tsaya a zaure yana ta zufa. Kawu Jibo, ƙanen Inna, mutum ne da ba ya jiran shawara, tuni ya aika kasuwa an yanko farin yadi.

"Lawali, gawa ba ta jiran matahiyi," in ji shi. "Kana ganin zahin ga. Ga yadi, mu kai ta makwancinta."

"Kawu, wasiyya ta bari."

"Ni ma na ji ta. To mi kaka so, ta kwana?"

Lawali ya roƙi arzikin a kai la'asar. Aka kai. 'Yan'uwan da suka zo daga Karakkai suka fara duban rana, kowa na son komawa gida da haske. Ya sake kiran ƙanwarsa, waya ta ƙi shiga. Tsoro biyu suka haɗe masa, na uwar da ke kwance da na wadda ke kan hanya.

Wata tsohuwa daga cikin masu wankan ta leƙo, ta yi wa Kawu raɗa. Lawali bai ji me ta ce ba, amma ya ga fuskar Kawu. Da hannunsa Lawali ya ɗauki yadin kasuwar ya miƙa ciki.

Suna dawowa daga maƙabarta Ummulkhairi tana sauka daga kan mashin, ta rungume ledar likkafanin a ƙirji. Ta dubi jar ƙasar da ke ƙafafunsu.

"Yaya, cikin mi kunka sa ta?"

Lawali ya kasa ɗaga kai. Kawu Jibo ya shafa ledar.

"Maida shi akwati, ɗiyata. Ba shi rasa mai shi cikinmu."