Rufin Rami na Uku

Ta ɗauki guntun dutsen daga akwatin samfuri ta murza da yatsa, sai ya marmashe. Ta ɗauki wani, shi ma haka.

Shekararta huɗu tana binciken duwatsu a wannan mahaƙar kwal ta can ƙuryar arewa, ma'aikata suna kiranta Malama. Kwal ɗin da injin huda ƙasa ya zaro samfurinsa daga mita tamanin mai kyau ne, baƙi wuluk, kaurinsa ya fi tsayin mutum. Amma abin da ke samansa, wanda zai zama rufin sabon rami, laka ce kawai da ta daskare, ga ruwa yana tsattsafowa.

Manaja ya leƙo da takarda a hannu.

"Malama, sa hannunki muke jira. Gobe za a shiga sabon ramin."

"Ranka ya daɗe, rufin nan ba zai riƙe ba. A ƙara huda wuri biyu mu gani."

"Wannan zai ci sati uku fa. Mutanen nan wata biyu suna zaune ba aiki." Ya ajiye takardar ya fita.

Ta samu yayanta, shugaban masu shiga rami, a bayan sito yana goge fitilar hularsa. Shi ya riƙe karatunta da wannan aikin har ta gama. Ta miƙa masa dutsen. Ya matse shi a tafin hannu, ya kakkaɓe.

"Tun jiya na sani," ya ce. "Na ga kalar ruwan da injin ya tofo."

"Shi ne ka yi shiru, Yaya?"

"In na faɗa, a ce tsufa ya sa ni tsoro. Ke kika yi boko."

"To in na sa hannu, za ka shiga?"

"Ni ne ma a gaba. Ba na tura ɗan wani inda ban taka ba."

Ta koma ofis. Ta daɗe tana kallon takardar, tana jin hirar ma'aikata a waje, suna dariya saboda gobe akwai aiki. Daga nan ta rubuta: Ban amince ba.

Da ta kai wa manaja, ya karanta, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ni ma rufin bai kwanta mini ba. Na ɗauka za ki bar ni da nauyin hanawar ni kaɗai," ya ce.