Kilomita Arba'in da Takwas Zuwa Kafanchan

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a sakandaren ƙauyenmu, kusa da Zonkwa. Ranar da gamsheƙa ta sari mijina Ishmael a gonar citta, na yi da-na-sanin iya shi.

Ina aji ban san komai ba. 'Yan'uwansa suka kwantar da shi a gindin mangwaro, suka tsaga wurin da reza, suka manna masa baƙin dutsen nan da kakarsu ta samo a mishan, wai yana tsotse dafi. Awa biyu cur suna gadin dutse suna waƙoƙin coci! Ko mutum ɗaya bai aiko a kira ni ba. Haba jama'a!

Da labari ya iso ni na kai shi ƙaramin asibitinmu, nas ɗin ta duba idanunsa da suka fara rufewa, ta ja ni gefe.

"Malama, ba mu da allurar kashe dafin. Sai Kafanchan. In kun isa cikin awa ɗaya, wataƙila."

Kilomita arba'in da takwas. Wato arba'in da takwas a awa, ba tsayawa. Ƙaninsa Samson ya tada babur, muka sa Ishmael a tsakiya, na rungume shi ta baya.

Watan Agusta ne, hanya ta zama kunu. Sai da muka ci minti talatin kafin mu hau kwalta, kuma kilomita goma sha biyu kacal muka yi. Ban so in lissafa ba, kaina ne ya ƙi yin shiru. Saura talatin da shida cikin rabin awa. Saba'in da biyu a awa ke nan.

"Samson, nawa mashin ɗin nan ke iya yi?"

"Da mutum uku? Anti, da ƙyar arba'in."

Na tsani Samson a lokacin, na tsani dutsen, na tsani kaina.

Ishmael ya motsa. Harshensa ya yi nauyi, da ƙyar nake jin sa.

"Maman Justin, kin lissafa?"

"Na lissafa."

"Za mu kai?"

"Za mu kai, Baban Justin. Har da saura."

Ya yi 'yar dariya, don ya san ni sarai. "To ki gaya wa Samson ya rage gudu," in ji shi. "Kada yara su rasa mu duka biyu."