Motar Da Ba A Shiga Da Takalmi

Sunana Kuramochi. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure inji a gareji ɗaya, a bakin gonakin shinkafa na Ibaraki, a Japan. Ina ɗan sha huɗu na bar makaranta, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. Duk motar da na taɓa injinta nakan manna mata jar sitika a ƙofa, da sunana a jiki. A filin zeroyon, inda mota biyu ke jerawa su cinye mita ɗari huɗu, kowa ya san ma'anar sitikar: motar da ta shiga hannuna sai ta fi yadda ta zo gudu. Maganar ba ta taɓa faɗuwa ba, sai a kan motar Ebihara.

Ebihara likitan haƙori ne a Mito. Mutum mai laushin hannu, mai ƙamshin sabulu. Ya kawo mini baƙar motarsa Skyline a tsakiyar zafi. Sakan goma sha biyu da ɗigo huɗu yake yi da ita, yana so ya sauka ƙasa da sha biyu. Na ce za a yi. Wata biyu na yi a kanta. Na sa mata babbar tobo mai cusa wa inji iska, na canza fistin, na goge kan injin da hannuna, na buɗe salansa, na sa kuloci mai ƙarfi. Ranar da na gama na fita da ita hanyar gona da sassafe, na taka ta sau ɗaya, ta manna ni da kujera. Na dawo na liƙa sitika.

Likita kuwa bai zauna banza ba a wata biyun nan. Ya shiga sahun masu mayar da mota ɗakin kwana. Ranar da ya zo ɗauka ya liƙa wata 'yar takarda a gilashi, dosoku kinshi, ba a shiga da takalmi. Ya ajiye faranti a bayan kujera don takalman waje. Na tuƙi ma ya sayi wasu farare masu taushi, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba. Ya roƙe ni, da ladabinsa na asibiti, in riƙa cire nawa in zan shiga. Na ce masa wuri biyu nake cire takalmi, ƙofar gida da ƙofar ɗakin ibada, mota kuwa ƙarfe ce da mai. A gaban mutane na faɗa, maganar ta zagaya. Tun daga ranar, in zai kawo mini ita sai ya kwashe kayan cikinta a gida, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa kamar mai renon kwikwiyo. A fili kuma ko leƙa cikinta ba na yi. Wurina gaban bonet ne.

Filinmu tsohuwar hanyar saukar jirage ce a kan tudu, ran Lahadi ake buɗe ta. Lahadin farko likita ya yi sha biyu da ɗigo tara. Ya sake jerawa, ya yi sha uku.

Na karɓi takardar lokacin daga hannunsa. Jarida takan ba ni wahala, amma wannan takardar na fi mai buga ta sanin ta. Tashinsa ba laifi. Gudun ƙarshe ne ya faɗi. Wato ba taya ba ce, ba kuma jinkirin hannu ba, ƙarfin ne bai iso ba. Duk da haka na rage iskar tayoyin baya, don kada a ce ban yi ba. Ba abin da ya canza.

Litinin ya kawo ta da jaridunsa. Na cire filogi shida, duk launinsu ɗaya. Na auna mai, yana zuwa. Na bi bututun tobo ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, ba inda iska ke tsira. Na danna totur har ƙasa na tokare shi da sanda, na zagayo na duba: bakin iskar injin a buɗe yake wangwam, maƙallinsa ya taɓa ƙarfen tsayawa. Na sake fita da ita hanyar gona. Ta yi kukan da na sani, har hankaki suka watse daga kan waya. Na ce wa likita motarsa lafiyarta ƙalau.

Lahadi ta biyu, sha uku da ɗigo ɗaya.

A nan Nukaga ya shigo. Yana da shago a Tsukuba mai bangon gilashi da furanni a ƙofa. Bai taɓa fasa farce a kan inji ba. Waya yake soka wa mota, ya zauna yana danna kwamfuta yana shan kofin gwangwani. Ya gaya wa duk mai kunne cewa tsoho Kuramochi da ƙwanƙwasa yake gyaran inji, kamar mai sayen kankana. Ya ce zamanin kunne ya wuce, injin yau lissafi yake ci. Ya ce iskar kan tudu daban take da ta gona, abin da wanda bai gama makaranta ba ba zai gane ba. Masu dariya suka yi dariya. Rabinsu da sitikata a ƙofarsu.

Likita ya same ni a gareji ran Laraba. Ya kawo akwatin wainar shinkafa a naɗe, ya sunkuya, ya ajiye. Irinsu haka suke yanka mutum, da kyauta a hannu. Ya ce yana girmama ni ƙwarai. Ya ce amma abokansa likitoci suna zuwa kallo, abin ya fara zama abin kunya. Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe kafin a rufe fili saboda ƙanƙara. In ba ta sauka ƙasa da sha biyu ba, zai ɓare sitikar a nan filin, ya miƙa wa Nukaga makulli ya kwance injin ya ga inda aka yi kuskure.

A kwance injina. A baje shi a kan tebur mai gilashi, mai kofin gwangwani yana nuna wa jama'a fistin ɗina da tsinken biro.

Na ce masa ya tafi da wainarsa. Bai tafi da ita ba.

Kwana uku na sake bin motar tun daga tanki har salansa. Abin da na duba na sake dubawa. Har kulocin na sauke, ina sane ba shi ba ne. Sabo fil, ko ƙauri babu. Na mayar. Ban taɓa zargin hannuna ba, amma a kwana na uku na tsaya ina kallonsa.

Lahadin da sanyi ta zo. Masu sayar da taliya mai zafi sun kafa rumfa, tururi na tashi. Abokan likita uku sun zo da riguna masu tsada, suna tsaye nesa da hayaƙi. Nukaga ya ajiye motarsa kusa da tamu don kada ya yi doguwar tafiya in an miƙa makulli.

Zagayen farko ban tsaya wurin tashi ba. Na taka har tsakiyar fili, na jingina da shinge, na rufe ido. Motar ta wuce. Giya ta uku ce, amma kukan ba na hanyar gona ba ne. Kamar mutum na waƙa an riƙe masa maƙogwaro. Sha uku cif.

Da ya dawo na ce ya kashe inji, ya zauna inda yake, ya taka totur har ƙasa. Na ɗaga bonet. Maƙallin bai taɓa ƙarfen tsayawa ba. Tsakaninsu ɗan yatsana ya shiga har da saura.

Na zagayo wajen taga. Na ce, "Likita, na ce har ƙasa."

Ya ce, "A ƙasa yake, Kuramochi-san."

"Ƙafarka ce ke jin tsoro. Mako biyu ina kwance mota, ashe direba ya kamata in kwance."

Kunnuwansa suka yi ja. Mutane sun fara taruwa. Ya fito, ya zauna a bakin kujera ya sauya takalmi a tsanake, farare a ciki, baƙaƙe a waje, sannan ya miƙe. Yau babu sunkuyawa.

"Ku shiga ku taka da kanku, tunda ƙafarku ce ba ta tsoro. Amma a cire takalmi. Yau babu jarida."

Nukaga ya ce, "Haba, Likita. Baba ai sai a ɗakin ibada. Ko a kira mai addu'a ya tsarkake motar tukuna?"

Aka yi dariya. Na tsaya. Abu biyu ne a gabana, maganar da na faɗa a gaban mutane da injin da na ɗaure. Da zan iya ture likitan in shiga da takalmina, kuma da na yi hakan da ya ɓare sitikar nan take, da gaskiyarsa. Na dubi jar sitikar. Gefenta ɗaya har ya ɗan tashi, alamar wani farce ya riga ya gwada ta.

Na durƙusa na kwance igiya.

Safata ta dama a huje take, babban yatsa a waje, diddige ma haka. Tun da Sueko matata ta rasu ba mai ɗinke su, ni kuma ban ga dalilin saye ba tunda ba mai gani. Yau an gani. Wani ya ce yatsan ya fito kallon tsere. Ɗaya daga cikin likitocin ya kau da kai, abin da ya fi dariyar ciwo.

Na shiga na zauna. Ƙafata ta nutse cikin wani abu mai gashi, mai ɗumi, kamar na taka kyanwa. Na taka totur. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya a kan taushi. Ƙarfe ba ya tsayawa a kan taushi. Na sunkuya na duba.

Darduma ce fara, gashinta ya kai tsawon yatsa, an yanka ta daidai ƙasan motar har ƙarƙashin totur. A ƙarƙashinta akwai ta asali da motar ta zo da ita. A tsakaninsu kuma ya sa wata ta roba, don kada ta ƙasan ta ɓata ta saman. Hawa uku. Mutumin ya biya a ba motarsa ƙarfi, ya koma ya biya a hana ta.

Na finciko su duka na fito da su. Na tambaye shi yaushe ya saya. Ya ce ranar da ya karɓi motar, don murna. Daga Yokohama aka aiko, gashin tunkiya ne na gaske. Na tambaye shi ina take zuwa in ya kawo mini motar. Ya dubi takalmina. Sannan ya ce, a hankali, a gida yake barin ta, saboda takalmina.

Ba wanda ya yi dariya. Sun gane, masu ganewa a cikinsu.

Ƙasa da sanyi, ni kuma da safa. Na shimfiɗa farar dardumar a kan kwalta, na hau, na sa takalmina ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure igiya ban yi sauri ba. Likita yana kallo.

Na ce, "Shiga. In ka ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, nan ne ƙasa."

Ya jera da wata farar mota. Fitila ta yi kore. Daga inda nake na ji maƙogwaron ya buɗe, bayan motar ya ɗan karkace, likita ya tsorata ya saki kaɗan, ya sake takawa. Ko da hakan allo ya nuna sha ɗaya da ɗigo biyar. A hannun direba da ta yi ƙasa da haka.

Ya dawo ya tsaya. Ya fito da fararen takalman a ƙafarsa, ya taka kwalta da su bai ma sani ba. Ya sunkuya har ina ganin tsakar kansa, yana ta ba da haƙuri. Abokansa suna tafi kamar an yi wani abin mamaki. Na sa babban yatsa na danne gefen sitikar da ya tashi, na murza har ya kwanta.

Nukaga ya zo wucewa da kofinsa. Ya tsaya, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Baba, da kun cire takalmin nan tun makon farko, da ba ku sauke kuloci ba."

Na ce masa kwamfutarsa ma ba ta ga darduma ba. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Amsar ta ishe shi. Ni ba ta ishe ni ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejina ya ji ina cewa a gwada mota yadda mai ita zai tuƙa ta, da mansa, da tayarsa, da tarkacensa. Shekara arba'in ina faɗa. Wannan karon a kan jarida na gwada.

Likita bai ɗauki dardumar ba, ni ma ban miƙa masa ba. Na jefa ta bayan akori-kurata. Tana ƙofar gareji yanzu, ta yi baƙi, a kanta ake goge ƙafa. Da bazara ya dawo yana so a sauka ƙasa da sha ɗaya. Na ce ya kawo ta yadda take, kada ya taɓa komai a ciki. Ya tambaya, yana sosa ƙeya, ko ya zo da jarida.

Na ce a'a. Na riga na sayi safa.