Waken Zakka a Lausu

Shekarar da aka kafa kwamitocin zakka a unguwanni, manoman Lausu sun fitar da wake har buhu talatin da biyu. Aka jibge shi a siton da ke jikin masallacin Juma'a, aka ce sai gab da azumi za a raba wa mabuƙata. Kafin wata biyu ƙwaro ya shiga.

Munzali aka fara kira. A duk faɗin Rano da Kibiya shi kaɗai ne mai feshin da ke da lasisi. Ya je Kano ya yi kwas, ya sayar da ɗan bijiminsa ya biya kuɗin takarda, kuma kowace shekara sai ya sabunta. Mutane na yi masa tsiya, wai Likitan Ƙwaro, don ba ya taɓa magani sai ya sa safar hannu ya rufe hanci. Ya duba siton, ya ce a fitar da waken a shanya, a sake masa buhu mai leda a ciki, a turara shi a rufe kwana bakwai. Da ya faɗi kuɗin aikin, 'yan kwamiti suka kalli juna.

Ai kuwa suka nemo Mato, mai tallan maganin sauro da na ɓera a faranti ranar kasuwar Rano. Mato ba mugu ba ne, iyakar abin da ya sani ke nan. Ya zazzage buhunan, ya yayyafa maganin ƙwarin nan fiya-fiya, ya cakuɗa da shebur, ya karɓi abin da bai kai kuɗin man babur ɗin Munzali ba. Ƙwaro ya mutu ƙurmus, kowa ya yi hamdala.

Sai ana saura kwana biyu azumi duba-gari ya ce ba za a raba abincin da aka sa wa magani ba sai da sa hannun mai lasisi. Aka sake aika wa Munzali.

Da hantsi ya iso. Tuni tsofaffi da matan da mazansu suka rasu suka cika gindin darbejiya, kowa da buhunsa a naɗe. Cikinsu har da ƙanwarsa Barakatu, wadda mijinta ya rasu bara ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Suka gaisa daga nesa, ya shige siton.

Ya kwance buhu, ya tura hannu har gwiwa, ya ɗebo daga tsakiya. Waken na naso a tafinsa. Ya fasa ƙwaya ɗaya ya kai hanci, warin maganin na nan a ciki. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na tara, duk haka.

Malam Habibullahi, shugaban kwamitin, dattijo ne da ya shekara arba'in yana karantarwa a zaure, ba a taɓa jin ya ci na wani ba. Shi ya karantar da Munzali kansa. Ya miƙo masa takardar da duba-gari ya ce a sa wa hannu.

"Sa mana hannu, ɗana, mutane na jira."

"Allah gafarta Malam, wannan wake ba ya ciwuwa."

"Za mu yi shela kowa ya wanke. Ko najasa ce ta taɓa abu, in aka wanke har launi da wari suka gushe, ai ya tsarkaka."

"Malam, wannan ba najasa ba ce da ke zama a baya. Guba ce, ta shige cikin ƙwayar. Ko a kogi aka kwana ana wanke shi, tana nan."

Alhaji Ramalan, wanda ya fi kowa ba da buhu a zakkar, ya taso da faɗa. "Haushi kake ji don ba a ba ka aikin ba! To ka sani, sitona da na abokaina, da shagunan kasuwa, ba ka ƙara taka su. Masu feshi sun ƙare ne?"

Ba su ƙare ba, kuma Munzali ya fi kowa sani. Rabin abincin gidansa daga aikin feshin sitocin Alhaji yake fitowa. Sa hannu ɗaya ne, ba mai bincike, kuma wataƙila yawancin masu ci iyakarsu ciwon ciki. Wannan "wataƙila" ita ta tsaya masa a wuya. Ya mayar wa Malam takardarsa da hannu biyu.

Malam Habibullahi ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce, "Kai ka san wannan fannin, ni ban sani ba. A haƙa rami a bayan gari a binne." Ya fita da kansa ya sanar da jama'a.

Mutane suka fara watsewa, wasu na Allah ya isa a fili. Barakatu ta ƙaraso, ta tsaya kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ko an wanke sau bakwai?"

"Ko sau bakwai, Barakatu."

"To ka sani, mata suna tambayar inda za a binne. Ni ma na tambaya."

Munzali ya hau babur ya nufi garejin bakin titi, ya dawo da jarkoki biyu na baƙin man inji. Da la'asar aka kwashe waken a amalanke zuwa ramin, mutane na biye a baya. Ya sauka ciki, ya yi ta yage buhunan ɗaya bayan ɗaya yana kwarara musu baƙin mai yana cakuɗawa, har bai bar farar ƙwaya ko ɗaya ba. Idanunsa na zubar da ruwa, kuma ba warin ne ya jawo ba.

Da ya fito, jama'a duk sun juya masa baya sun nufi gari. Barakatu kaɗai ta rage, ita ma ba shi take kallo ba. Ta leƙa ramin, ta daɗe tana dubawa ko akwai gefen da man bai kai ba.